Guntu da Rumbun Taki

Bazarar bana ta ƙi ƙarewa. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su nufi akurki, mata su kwashe shanya, sannan iska ta kore shi ya wuce yamma, a bar mu da zufa. Shekaranjiya maƙwabcina Malam Idi ya leƙo zaure ya ari guduma. Na tambaye shi me zai kafa a wannan rana, ya ce wurin haɗa taki zai yi da tsofaffin kwanon rufi, wai ya ga yadda ake yi a waya. Na miƙa masa, na yi masa fatan alheri. Wunin ranar ina jin ƙarar ƙusa a kan kwano ta bayan katanga, na kasa runtsawa. Ni ma na taɓa cika unguwar nan da irin wannan ƙarar, a shekarun farko da aka kawo Shari'a jiharmu.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a ƙauyenmu da ke gefen Sandamu, ni da yayana Haruna. Ya bar mana gona, jigawa ce da ta gaji, da shanun noma biyu. Da aka raba gado kowa ya ɗauki rabin gona da sa ɗaya, amma rabon shanun a baki ne kawai, don sa ɗaya ba ya jan garma. Karkiya ɗaya ce, wuya biyu take so. Na Yaya fari ne sol, muna ce masa Fari. Nawa ja ne mai karyayyen ƙaho, muna ce masa Guntu. Tare suka taso, tare suka koyi huɗa, idan an kai ƙarshen kunya su da kansu suke juyawa.

Ni ban taso da kirki ba. Da rani nakan ɗaura musu amalanke in yi dakon kaya zuwa Daura, abin da na samu kuma ba ya dawowa gida duka. Akwai wata mashaya a bayan gari, hanyar Kongolam, nan nake ƙarar da shi, shanun suna tsaye a rana suna jirana. Da Shari'a ta zo aka rufe gidan. Ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, tsoron bulala ne. Tsoron Allah daga baya ya iske ni. Na tsayar da gemu, na riƙe sahun farko, amma ina ganin yadda mutane suke kallona, kamar masu jiran ranar da zan koma. Ina ta neman abin da zan yi a ce lallai Sani ya zama mutum.

Daminar shekarar ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da ya rage fara ta sauko daga arewa ta aske shi. Rumbu ko rabi bai kai ba. Ranar da muka gama ɗora kara a saman rumfa, muka rataye 'yar harawar wake a cikin bishiya, Yaya ya ja da baya ya daɗe yana kallon tarin.

"Mu mutane ko ganye ne ma ci," ya ce. "Waɗannan biyun su ne abin ji. Idan suka ga ruwan farko a tsaye, mun tsira. Idan ɗaya ya faɗi, duka mun faɗi."

Ba a jima ba malamin gona ya zo a kan babur, aka tara mu a gindin durumin masallaci. Mutum ne mai haƙuri, ya faɗa mana gaskiya cewa takin zamani bana ma ba zai kai ƙauye ba, gara kowa ya haɗa nasa. Ya ce a yi wuri mai bango a inuwa, a riƙa jera shara hawa-hawa: kara, kashin dabbobi, ganye, toka, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa. Kafin damina zai zama baƙar ƙasa mai ƙarfi.

Yaya ya ɗaga hannu. "Malam, wace sharar?"

"Wadda kuke zubarwa, Baba."

"To mu ai ba ma zubar da komai."

Aka yi dariya, shi ma malamin ya yi. Ya ce, "Na sani. Ku yi da abin da ya samu, ko cikin kwando ne. Amma kada wanda ya taɓa abincin dabba." Na ji wannan da kunnena. Sai dai tuni zuciyata ta tafi wurin ranar da za a wuce ta gefen gonata a tambaya ko ta wane ne.

Katako ba ni da shi, kwano ba ni da shi, amma na san inda suke. Matar da ke da mashayar ta koma kudu, ta bar wa ɗan'uwanta Emeka, mai sayar da kayan gyaran babur, ya rabu da abin da ya rage. A Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Da ya hango ni da amalanke sai ya fito yana goge baƙin mai a hannu.

"A'a, Ustazu ne da kansa. Gemu ya yi kyau. Amma ka makara, an rufe."

"Ba abin sha na zo nema ba. Bencinan nan nake so, da kwanon da iska ta yaye."

"Makarantar allo za ka buɗe?"

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi shanun. "Wato ɗaki za ka gina wa kashin akuya."

"Haka nan."

"To kwashe. Ka kawo mini itacen girki amalanke ɗaya, mun rabu. Ga wancan bencin na lungu, kada ka bar shi, ya fi kowa saninka."

Na kwaso bencinan, da kwano duk tsatsa, da wata ƙofar katako mai hoton kwalba da fenti ya fara ɓarewa, da gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi. A hanya na juya ƙofar ta kifa, kada a ga hoton.

A bayan gidana na zaɓi wuri, ƙarƙashin darbejiya, kusa da turken Guntu, don kashinsa ya yi mini kusa. Na sare rassa masu kauri na kafa ginshiƙai. Na zauna a kan dutse ina miƙe ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, har yatsuna suka fashe. Na ɓalle ƙafafun bencinan, na jera allunan a kwance da 'yar tazara don iska ta shiga, kamar yadda malamin ya ce. Inda katako ya ƙare na toshe da kwano. Ƙofar na sa ta a gaba, hoton yana kallon ciki, na ɗaure ta da wayar tsohuwar taya. Da wani ya fara cewa katakon gidan giya najasa ne, na je na tambayi liman. Ya ce katako ba ya ɗaukar zunubi, masu zama a kansa ne suke ɗauka. Na sunkuyar da kai na yi godiya.

Matata Hajara ta fito da zani a ƙirji ta zagaya shi. "Malam, wannan ya fi ɗakin girkina kyau. Ko in koma ciki, ka kai takin can?"

Mutane suka sa masa suna rumbun taki. Yaya ya zo ya ƙwanƙwasa bango da sanda, ya ce aiki ya yi.

Da na zo cika shi ne na gane tambayar da Yaya ya yi a gindin durumi. Na bi gidana da ido daga asuba zuwa magariba ina neman abin da ake zubarwa. Hajara ta surfa gero, dusar ta awaki ce. Ta wanke shi, ruwan na Guntu ne. Ƙaiƙayi ana jiƙa shi da kanwa a ba shanu. Ɓawon gyaɗa na murhu ne. Toka da ita ake wanke tukunya, a tace wata a sa a miya. Ganyen da ya faɗo kafin rana ta ɗaga tumaki sun tsince. Kashin dabbobi kaɗai nake da shi, wanda dama can muna kai shi gona a mangala. Na share gida kaf na zuba, na leƙa, ko idon sawuna bai kai ba. Ga rumbu ya kai kafaɗata, duk garin ya ji ƙarar gina shi.

Sai na fara sauko da kara daga rumfa. Da farko na ƙasa ne, wanda gara ta taɓa, na ce dama sa ba zai ci ba. Daga nan na daina dubawa. Ina saran shi gutsi-gutsi da adda in jera. Ruwa kuma rijiyarmu tana da zurfi, da rani sai an ƙara igiya, gugan ya fito rabi yashi. Abin da muka jawo ni da Hajara na girki ne da alwala da shan dabbobi. Rumbun ya zama wani baki a gidan. Idan na zuba masa jarka, kafin azahar ya shanye.

Duk da haka bai cika ba. Sai na tuna da bolar kasuwar Daura, tsauni guda, ba mai so. Na ɗaura wa shanun amalanke, a lokacin da ya kamata su kwanta a inuwa su adana ƙarfinsu, na yi ta jigila. Yaya ya ba ni Fari ba don yana so ba. Bolar tana da ruɓaɓɓen tumatir, ganyen albasa, ɓawon rake, sharar masu awo, kuma duk a cakuɗe da leda, baƙa da fara. A lokacin leda ba ta kai ƙauyenmu sosai ba, mata da ƙwarya suke zuwa cefane. Yanzu kuwa kowace ƙaya a gona tana da tata tuta, garma ma tono ta take yi, yaran yanzu sun ɗauka da ita aka halicci ƙasa. Ni ban san ta ba sai a matsayin abin ƙulla gishiri. Na zauna ina tsince ta ina jefawa gefen danga, da na gaji na bar sauran a ciki. Iska tana kwasar wadda na jefar tana kai wa turke. Nakan ga Guntu yana lasarta saboda gishiri da man da ke jiki, ban kawo komai a raina ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Ƙasa ba ta takuwa da rana sai da takalmi. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da yamma, tuwo kaɗan miya da yawa; da rana Hajara ta dafa busasshen ganyen tafasa ta barbaɗa ƙuli. Mutane daga ƙetaren iyaka suna wucewa ta bakin titi da shanu ƙashi da fata, suna neman wanda zai karɓa ko da kwanon gero ne, ba mai karɓa. A cikin wannan hali na tura hannu cikin rumbun wata safiya na ji ɗumi, na zaro na shinshina, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Na yi murna kamar an yi mini haihuwa.

A ranar ce Yaya ya hau rumfa ɗebo kara. Ya sauko hannu wofi, ya same ni ina juya taki da cebur.

"Sani, ina karan?"

Na ci gaba da juya takin.

"Ina tambayarka."

"Yaya, idan takin nan ya nuna, baɗi karan da za mu samu..."

"Sa yana cin baɗi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya kira matarsa, suka sauko da abin da ya rage, ya raba biyu daidai a gabana, har harawar. Ya kwance Fari ya mai da shi cikin gidansa. Da zai shiga ya juyo.

"Da kana shan abin naka, kanka kaɗai kake cuta. Daga yau kowa ya ji da sansa."

Rabona bai daɗe ba. Na shiga daji neman 'ya'yan gawo, na tarar an riga ni, har rassan an sassare. Na yi ta kankaro busasshiyar ciyawa da hauya a gefen hanya, wuni guda ba ta cika buhu. Ƙugun Guntu ya fito, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, tozonsa ya kwanta gefe. Hajara ta fara rage tuwonta tana dama masa a ruwa.

"Malam, ka buɗe abin nan ka tsamo masa karan da bai ruɓe ba."

"Saura kaɗan ya nuna. Hadari ya kusa."

"Shi ma saura kaɗan."

Ban buɗe ba. Ranar da liman ya kira sallar roƙon ruwa, garin duka muka fita fili da hantsi, maza da mata da tsofaffi, riguna a juye. Muka daɗe a rana ana addu'a. Da muka dawo na tarar Guntu ya tumɓuke turke, ya ture ƙofar rumbun, kansa yana ciki har wuya. Ya ci ya kai inda bakinsa ya kai. Wallahi abin da na fara ji haushin takina ne. Daga baya na ce to, ko ba komai yau ya ƙoshi.

Kashegari ya daina tuƙa. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, sauran jikin kuwa ƙashi. Idan na kawo ruwa ya shinshina ya kau da kai. Na ɗura masa kanwa, na ɗura masa man gyaɗa. Wani Bafillatani da ke wucewa ya danna cikin da gwiwar hannu, ya saurara, ya girgiza kai ya ce wannan ba na jiya ba ne, ya daɗe yana tarawa. Yaya ya zo da kansa, bai yi mini magana ba, ya durƙusa yana shafa wuyan san yana kiran sunansa. Muka sa itace a ƙarƙashin ƙirjinsa muka ɗaga shi, ƙafafun suka ƙi riƙewa. Da la'asar idonsa ya fara juyawa, Yaya ya ce a kawo wuƙa kada ya zama mushe.

Mahaucin da ya feɗe shi ya tsaga tumbi, ya sa hannu biyu ya jawo wani dunƙule kamar tulu, leda ce ta murɗe da juna ta zama igiya, baƙa ƙirin. Ya ajiye a ƙasa, mutane suka kewaye suna kallo. Ba wanda ya dube ni, wannan ya fi mini ciwo. Naman ba kitse ko kaɗan. Aka rarraba a unguwa, gidaje da yawa sun daɗe ba su ga nama ba, yara suna murna. Hajara ta dafa, ta ajiye mini, da safe ta ɗauke kwanon yadda ta ajiye shi.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Gari ya cika da ƙamshin ƙasa da kukan kwaɗi. Da safe kowa ya fita da iri, masu shanu suka fita da garma. Yaya ya fito da Fari ya tsaya a ƙofar gida. Muka zagaya neman wanda zai haɗa nasa da namu, amma mai biyu yana kan aikinsa, mai ɗaya ya riga ya sami abokin haɗi. Wasu suka ce idan sun gama, wato bayan lokaci ya wuce. Muka gwada ɗaura shi da jaki. Karkiyar ta karkace, jakin ya durƙushe, Fari yana ta kewaya a wuri ɗaya yana waiwayen gefen da Guntu yake tsayawa. Yaya ya kwance shi da hannunsa. Ranar kasuwar Mai'aduwa ya ja shi ya tafi, ya dawo da hatsi a bayan mota da igiyar a kafaɗa. Ya aiko wa Hajara da rabonta.

Muka yi shuka a shimfiɗe, ba huɗa. Muka shiga noma da hauya, mu biyu da matanmu, ciki ba komai. Kafin mu kai tsakiyar gona, inda muka fara ya sake rufewa da ciyawa. Rana ta take, jiri ya ɗebe ka, ka dafa ƙotar hauya har ya wuce. Daga baya ciyawar wuta-wuta ta fito ta yi fure ja a ko'ina, geron ya tsaya iya gwiwa ya yi rawaya.

Takin kuwa na buɗe shi bayan ruwan farko. Ya nuna. Baƙi, mai laushi, yana warwarewa a hannu, ba wari, sai tsummokaran leda da ko alamar ruɓewa ba su yi ba. Duk karan nan da ruwan nan da jigilar nan, abin da ya fito buhuna kaɗan ne. Ba abin da zai ja amalanke, a ka na ɗauka. Na zuba shi a kusurwar gonata ta bakin hanya, wuri bai fi filin tsakar gida ba.

Da kaka ta zo, a duk faɗin gonar nan wurin kaɗai ne ya yi. Geron ya fi ni tsayi, kara kamar rake, zangarniya kamar damtse. Masu wucewa suna tsayawa su tambaya ta wane ne. Nakan sunkuya cikin ciyawa har su wuce.

Wata yamma ina wurin Yaya ya zo. Tun ranar yankan bai taka wannan kusurwar ba. Ya shiga cikin geron, ya karya zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki yana taunawa.

"Ya yi ido," ya ce. "Malamin gona bai yi ƙarya ba."

"Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tuni. Ba shi ya kawo ni ba." Ya kakkaɓe hannu a riga. "Gobe zan bi motar dabbobi zuwa kudu. An ce ana neman masu gadi. Ga iyalina nan. Gonata ka nome abin da hannunka ya iya, sauran ka bar shi."

"Idan Allah ya hore, mu sayi ɗan maraƙi mu..."

"Biyu ake saya, Sani."

Da safe na ɗaukar masa buhun kayansa zuwa bakin titi. Motar ta zo cike da shanu, ya taka taya ya hau can sama kan katako, ya zauna ƙafafunsa suna lilo a kan ƙahoninsu. Bai sake yin damina a garinmu ba.